Tambaya kan ƙa'idar rage ɓarna a wasan Pathfinder

Assalamu alaikum, masanan wasan Pathfinder bugu na farko (wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi), ina neman a warware mini wani ƙulli.

Ga abin da na fahimta. DR shi ne rage ɓarna (damage reduction), adamantine kuma wani ƙarfe ne mai tsananin tauri a wasan. DR 10/adamantine na nufin a cire 10 daga ɓarnar kowane sara, sai in da makamin adamantine aka yi shi. Wuta da sihiri kuwa ba ruwansu da DR. Kuma DR biyu ba a tara su, wanda ya fi amfani a lokacin shi ake ɗauka.

To, a ce barbarian ne (wani nau'in mayaƙi) mai mataki na 10, yana da DR 2/— (wato a cire 2 ko da wane makami aka sare shi), sai boka mai mataki na 7 ya yi masa sihirin stoneskin, wato DR 10/adamantine mai shanye maki 70 kafin ya ƙare. Aka sare shi da takobin wuta, 14 na ƙarfe, 4 na wuta. A lissafina 8 ne ya shige shi. Amma nawa za a zaftare daga 70 ɗin nan, 10 ko 8? Ai 2 daga ciki jikinsa ma zai iya tarewa, kuma bambancin yana taruwa in faɗa ya yi tsawo. Ni na fi karkata ga 10, tunda stoneskin kaɗai ya yi aiki.

Sai kuma baka mai +3 (ƙarin ƙarfin sihiri) da kibiya ta gama-gari: kibiyar tana ratsa DR 10/azurfa kamar yadda takobi mai +3 ke yi, ko dole ita kibiyar ta zama ta azurfa? Don Allah a haɗa da lafazin ƙa'idar.