Shekarar bincike ko shekarar bugu: wace ce za a rubuta?

Ɗaliba daga Marwa: Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan lafiyar yara a yankin Arewa Mai Nisa, kuma na dogara da binciken EDS na Kamaru, wato binciken al'umma da kiwon lafiya na ƙasa, wanda aka gudanar a 2018, amma rahotonsa bai fito ba sai 2020. Wace shekara zan sa, kuma sunan wa zai zo a matsayin marubuci?

Malami daga Garwa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shekarar bugu ake rubutawa, wato 2020, domin 2018 tana cikin sunan rahoton. Marubutan su ne hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tare da kamfanin ICF na Amurka. Idan kin ɗauko adadi, ki ambaci shafi da lambar jadawalin, saboda rahoton yana da kauri, kuma mai dubawa ba zai tsaya lalube ba.

Ɗaliba daga Marwa: Na gode, Malam. To, idan ni na yi lissafin da kaina fa?

Malami daga Garwa: Wannan kam wani al'amari ne daban. Sai ki ambaci ɗanyen bayanan su kaɗai: sunan fayil, sigarsa, inda kika sauke shi da ranar saukewa, sannan ki rubuta a ƙarƙashin jadawalinki cewa lissafin naki ne, don kada a jingina wa hukumar adadin da ba ta wallafa ba.

Mai bincike daga Ngaundere: Ki kuma kula da yawan jama'a. Ƙidayar 2005 sai a 2010 hukumar ƙidayar jama'a ta Kamaru, BUCREP, ta fitar da sakamakonta, kuma alƙaluman da aka gina a kanta na shekarun da suka biyo baya hasashe ne, ya kamata ki kira su da sunansu.