Ƙawata ruwa biyu ce, ga cikar shekarar rasuwar babanta ta gabato, me zan ce mata?

Maman Ilham, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan wata ƙawata da muke aikin jinya tare a New York, shekara shida ke nan. Mahaifinta Bayahude ne, haifaffen unguwar Once a Buenos Aires ta Ajantina. Mahaifiyarta 'yar Puebla ce ta Meziko, 'yar Katolika ta gidi. Sifaniyanci ya haɗa iyayen, da shi kuma ta tashi. Ranar Juma'a da almuru a kunna kyandir na shigar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ranar Lahadi kakarta ta ja hannunta zuwa coci.

Bara uban ya rasu, na je gaisuwa gida biyu. A gidan gwaggonta an yi zaman makoki na kwana bakwai, madubai duk an lulluɓe su da zane, masu makokin na zaune a 'yan gajerun kujeru. A gidan uwar kuma kwana tara aka yi ana jan carbi irin nasu. Ta yi ta zirga-zirga tsakani har ta rame. Da ta je wurin ibadar da babanta yake zuwa don ta yi masa Kadish, addu'ar da suke yi wa mamaci, sai malaminsu ya gaya mata cikin ladabi cewa a dokarsu ita ba Bayahudiya ba ce. Alhali dangin uwa tun tana ƙarama "la judía" suke kiranta, wato Bayahudiya.

Yanzu ga bikin tuna matattu na 'yan Meziko, 1 da 2 ga Nuwamba. Uwar na so ta ɗora hoton mijinta a teburin da suke ƙawatawa da furanni ruwan goro da burodi, kusa da hoton Maryamu ta Guadalupe. Gwaggo ta rantse in aka yi haka an ci mutuncin ƙaninta. Jiya a ɗakin hutu ƙawata ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in gaya mata ita wace ce. Wallahi bakina ya mutu. Ta kuma roƙe ni in zo gidansu ranar bikin.

Baban Zara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekaru ina tuƙin tasi a unguwar Washington Heights ta New York, inda Jami'ar Yeshiva ta Yahudawa take tsakiyar 'yan Jamhuriyar Dominika, kuma fasinja sun koya mini abubuwa. Abin da zai ɗaure wa Bahaushe kai shi ne mu ɗa na uba ne, su kuwa a dokarsu ta asali ta wajen uwa ake gadon Yahudanci. Shi ya sa malamin ya faɗa mata haka, ba lallai don ƙiyayya ba. Amma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ɓangaren da ake kira Reform a Amurka, tun 1983 suka amince da wanda ubansa kaɗai ne Bayahude, in dai a kan al'adar aka raine shi, kuma a wurinsu mace tana tsayawa ta yi Kadish. Ki ce ta nemi irin wannan wurin ta zauna da malaminsu. Ƙofa ɗaya ta ƙwanƙwasa ta ɗauka duk garin a rufe yake.

Anti Ladi:
Ni zan yi magana ne a matsayin wadda ta sha wannan ruwan. Babana Bakano, uwata Bayarabiya, a Sabo ta Ibadan aka haife ni. In na je Kano a ce ga 'yar Yarabawa, in na koma dangin uwa a ce ga Gambari. Ranar da aka yi sadakar arba'in ta babana, ina tsugune ina raba waina, wata dattijuwa ta tambayi ta kusa da ita, a kunnena, ko 'yar aiki ce aka ɗauko. Shekara ashirin ke nan ban manta muryarta ba.

Maman Ilham, kar ki yi gigin ba ta amsar wace ce ita. Ba amsa take nema a wurinki ba, ta gaji ne da masu ba ta amsa. Ki tambaye ta babanta. Wane abinci yake so, da wane suna yake kiranta, ko shayin mate na 'yan Ajantina yake sha da safe. Mai irin wannan ciwon so yake ya sami wanda zai yi hirar mamacin da shi ba tare da an auna jininsa a sikeli ba.

Malam na Zango:
Batun zuwanki gidan, ki je ki gaishe su, ki kai abinci, ki zauna da ita, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne da zaman tare. In sun tashi yin addu'arsu ki koma gefe, ki kuma sanar da ita tun kafin ranar don kar ta ga kamar kin guje ta. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tuntuɓi limamin masallacinku, shi ya fi mu sanin halin da kuke ciki a can.

Umman Khalifa:
Ni dai ina ganin maganar hoton kar ki sa baki. Matar nan mijinta ne, ta zauna da shi shekara da shekaru, gidanta ne kuma teburinta. Gwaggo ma ɗan'uwanta ne ciki ɗaya. Tsakanin harshe da haƙori ne wannan, gobe su shirya ke a bar ki da kunya.

Baban Zara:
Na manta abu ɗaya. Cikar shekarar mamaci da kalandarsu ta Ibrananci suke lissafa ta, don haka ba lallai ta faɗo rana ɗaya da bikin uwar ba. Kyandir guda suke kunnawa mai cin awa 24, in sun je kabari su ɗora ɗan dutse. Wannan a ɗakinta ma za ta iya kunnawa, ba mai tambayarta takarda. Ki kuma tuna mata shugabar Meziko da ta hau mulki a 2024, Claudia Sheinbaum, jikar Yahudawa ce da suka fito daga Lituweniya da Bulgeriya.

Maman Ilham, Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti Ladi, na yi yadda kika ce yau da muka tashi aikin dare. Ashe "mi reina" babanta yake ce mata, sarauniyata, kuma ƙoƙon da yake shan mate ɗin yana cikin jakarta tun ranar da ya rasu. Ta ciro ta nuna mini, bakinsa duk ya yi baƙi don daɗewa. Mun duba kalandar, ranar babanta sai mako biyu bayan bikin. Ta ce za ta kira gwaggon su je maƙabarta tare. Na yi mata alkawarin dambun nama ranar 2 ga wata.