Dokina yana maƙalewa kafin lokaci, ku taimaka

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a lissafi, saura wata ɗaya in kare furojet. Kwamfutar ma ta yayana ce, da dare kawai nake samunta, kullum sai ya yi mita, ga wuta ba ta zama a layinmu. A shirin kwamfuta da na rubuta da yaren Python, na jera lambobi a murabba'ai, 1 a tsakiya, sauran suna zagayawa kamar dodon koɗi. Dokin wasan ches, mai tsalle kamar harafin L, yana tashi daga 1, kowane tsalle ya sauka a lamba mafi ƙanƙanta da bai taka ba. Farko daidai yake fitowa: 1, 10, 3, 6, 9, 4, 7, 2, 5, 8. Sananne ne cewa sai ya taka gida 2016 sannan ya maƙale a 2084. Nawa ba ya kaiwa. Malamina ya ce in gyara ko in canza taken. Ya zan yi?

Malam Tudun Wada: Ƙanena, bar dokin nan, wasan yara ne. Koma kan zagayen Ulam. A 1963 masanin lissafi Stanislaw Ulam ya zana wannan jerin, ya ga lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu suna taruwa a layukan karkace. Ƙara da n²+n+41 na masanin lissafi Euler: ka sa n daga 0 zuwa 39, duk amsoshin ba sa rabuwa. Babi uku ke nan.

Maman Barnawa: Ku gode wa Allah malaminku yana magana. Nawa sai da ya riƙe min babi na biyu wata huɗu, ƙarshe ya ce ya ɓace.

Ɗan Kawo: Filinka gida nawa ne?

Ɗan Rigasa: 41 sau 41. Kwamfutar na zafi, shi ya sa. Amma ba na jin nan ne matsalar, tun da farkon ya fito daidai.

Ɗan Kawo: Haba! Gida 1681 ke nan. Ina 2084 zai zauna? Bango yake bugawa. Faɗaɗa filin.

Malam Tudun Wada: Ko ya faɗaɗa, wace ƙa'ida zai tabbatar? Ranar kare aiki za a tambaye shi dalilin 2084, ya tsaya yana zare ido. Na faɗa maka, Ulam.

Ɗan Rigasa: Malam, na riga na buga babi biyu a kan dokin, har na biya kuɗin firintin. Kuma wallahi ni Python ɗin nake zargi.

Maman Barnawa: Nawa ake buga shafi yanzu a Kasuwar Barci?