An rubuta maka takardar tara a hanya: biya, kotu, da inda ake neman bayanan shari'ar

Baban Amira: Assalamu alaikum. Masana a taimaka da bayani a kan abu biyu. Idan 'yan Rod Sefti suka tsayar da direba suka rubuta masa takardar tara, me zai yi daga nan har ya karɓo takardunsa? Sannan idan maganar ta kai gaban kotun tafi-da-gidanka, ina ake zuwa daga baya a ga abin da alƙali ya rubuta? Direbobi da yawa biya suke yi su wuce, sai ranar da aka nemi shaida a rasa.

Shugaban Tasha: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin farko a bakin titin yake, kafin a tayar da mota. Direba ya karanta takardar a gaban jami'in. Ya duba lambar mota harafi bayan harafi, domin sifili da harafin O, da 8 da B, su ne suka fi rikicewa a rubutun gaggawa. Ya duba sunansa, da kwanan wata, da wurin da aka tsayar da shi, da laifin da aka yi wa alama, da kuɗin da ke gabansa. Idan an riƙe lasisi ko takardun mota, ya tabbatar an rubuta abin da aka riƙe a jikin takardar, ya kuma tambayi ofishin da za a kai su. Motar sintiri tana iya tsayawa nesa da ofishinta, kuma wanda bai tambaya ba sai ya yini yana zaga ofisoshi.

Daga nan ya ɗauki hoton takardar gaba da baya da wayarsa. Kwafin da ake ba direba ba ya jure gumi, kwana uku a aljihun gaban riga lambar tikitin ta dushe. Wannan lambar kuwa da ita ake komai.

Mai Kafe: Ni bari in ɗora a kan biya. Tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, kuɗin gwamnatin tarayya ne, ta Remita, shafin biyan kuɗi na intanet, ake biyansa zuwa asusun bai-ɗaya. Ba a ba jami'i a hannu, ba a tura wa asusun wani mutum, ko da an ce za a "taya ka" biya. Za a shiga Remita, a zaɓi sunan hukumar, a zaɓi biyan tara, a cike suna da lambar waya da adadin kuɗin kamar yadda yake a takardar. Sai ta fitar da lambar RRR mai alƙaluma 12. Da ita ake biya a banki ko da katin cirar kuɗi.

Inda ake yawan tuntuɓe: mutum ya fitar da RRR ya buga takardar ya ɗauka ya gama. A'a, wannan takardar neman biya ce kawai. Rasit ɗin da ake so shi ne wanda ya nuna an biya. Na biyu, idan sabis ya tsinke aka cire kuɗi rasit bai fito ba, kada a sake biya. A koma a duba matsayin wannan RRR ɗin tukuna, sau da yawa kuɗin ya shiga. Dawo da kuɗi daga asusun gwamnati doguwar hanya ce. Na uku, sunan da ke RRR ya zama na wanda aka rubuta wa tarar, ba na yaron shago ba.

Maman Haidar: Kuma rasit ɗin POS gogewa yake yi idan ya sha zafin mota. A yi masa fotokwafi ranar da aka karɓa.

Barista: Jama'a, kafin a garzaya banki akwai shawarar da ya kamata direba ya yanke. Takardar nan ba hukunci ba ce, zargi ne. Hanya biyu ke gabansa: ya biya tarar ya haƙura da shari'a, ko ya ce bai yarda ba a kai shi gaban majistare. Wanda ya riga ya biya, da wuya ya dawo yana jayayya a kan laifin. Don haka mai ganin an zalunce shi ya tattara hujjarsa tun a wurin: hoton taya da shekarar da ke jikinta, hoton tukunyar kashe gobara, hoton alamar titi, lambar wayar fasinjan da ya ga abin.

A jadawalin dokar hukumar ta 2007, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, waya a kan tuƙi 4,000, gudun wuce kima 3,000, bin wanwe 5,000, lodin da ya wuce ƙa'ida 10,000, tuƙi ba lasisi 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Yunƙurin ba jami'i na goro shi kansa laifi ne mai tarar 10,000, to mai miƙa dubu ɗaya don ya tsere wa tarar dubu biyu sai ya sake lissafi. Duk da haka abin da aka rubuta a takardarka shi za ka biya, kuma kana da ikon cewa a nuna maka laifin a jadawali. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta kowa a kan laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba.

Idan mota aka tsare, jinkiri kuɗi ne. Akwai kuɗin ajiya naira 200 a kowace rana bayan awa 24 na farko, kuma motar da ta yi wata shida ba a karɓa ba, hukumar tana iya zuwa babbar kotu ta nemi a mallaka mata.

Shugaban Tasha: Gaskiya ne, Barista. Kuma bayan biya a kai rasit da asalin tikitin ofishin da ke riƙe da takardun. Yawanci sai an zauna an saurari ɗan darasin wayar da kai kafin a miƙo su, saboda haka a je da safe. Da an miƙo lasisi a duba hoto, kar a tafi da na wani.

Ɗan Sahu: To mu masu adaidaita fa? Mu da KAROTA muka fi haɗuwa. Ita ma Remita ɗin ce?

Barista: Kada ka haɗa su, ɗan'uwa. KAROTA hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ce ta jihar Kano, kamar yadda KASTLEA take ta Kaduna, LASTMA ta Legas. Kowace da dokar jiharta da jadawalinta da asusunta. Idan ka zuba kuɗin tarar jiha a asusun hukumar tarayya, a wajensu ba ka biya ba. Ƙa'idar dai ɗaya ce: takarda mai lamba, asusun gwamnati da aka nuna maka a rubuce, rasit mai sunanka. Masu yawo da maganar hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja na watan Oktoba 2024, wanda ya hana jami'an VIO, masu duba lafiyar mota, tsare mota da yanka tara, su sani ƙarar a kan hukumar Abuja aka shigar. Kada ɗan sahu ya ɗauke shi ya tsaya gardama da shi a Ƙofar Nasarawa.

Baban Amira: Allah ya saka. Saura maganar kotu. Wani ya ce ana iya sa lambar mota a intanet a ga shari'ar.

Tsohon Rajistara: Malam, wanda ya faɗa maka ya haɗa abu biyu ne. Abin da ake dubawa a intanet shi ne ko lambar mota da lasisi na gaskiya ne. Bayanan ƙaramar shari'a a kotun majistare kuwa a rajista suke, cikin littafi da fayil, kuma ƙafa ke kai mutum.

Ga yadda abin yake. Kotun tafi-da-gidanka ba wata kotu ce ta daban ba. Majistare ne na ma'aikatar shari'a ta jiha ya fito da magatakardansa ya zauna a bakin hanya, ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya, ya tashi da yamma ya koma kotunsa da littafinsa. To duk wanda aka gurfanar, kafin ya bar wurin ya tambayi magatakarda abu uku ya rubuta: lambar ƙara, lambar kotun da majistaren yake zama, da unguwar da take. A Kano kaɗai akwai kotunan majistare a Gidan Murtala da Nomansland da Gyaɗi-gyaɗi da wasu wuraren, kowane gini da kotuna da dama a ciki. Wanda ya zo ya ce "an yi mini shari'a a hanyar Zariya bara" bai kawo komai ba. Wanda ya zo da lambar ƙara da kwanan wata, aikinsa ba ya daɗewa.

Idan lambar ta ɓace, a zo da rasit ɗin tarar kotu, domin yana ɗauke da kwanan wata da hatimi. Idan shi ma babu, a koma ofishin hukumar da ta gurfanar, sashen shari'arsu yana da jerin waɗanda aka kai kotu a kowane zama. Daga kwanan wata ake gano majistaren da ya zauna.

Neman kwafin kuwa da wasiƙa ake yi zuwa ga rajistaran kotun. A sa sunan masu shari'a kamar yadda yake a takardar tuhuma, da lambar ƙara, da ranar hukunci, a faɗi abin da ake so: hukuncin kaɗai, ko dukkan abin da aka rubuta a zaman. Za a ƙiyasta kuɗi gwargwadon yawan shafuka, a biya a karɓi rasit. A yi wasiƙar kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a kan ɗaya a tafi da ita. Abin da ake so shi ne kwafin da aka tabbatar, wanda ake kira CTC: an rubuta cewa daidai yake da na asali, da kwanan wata, da suna da muƙami da sa hannun jami'in, da hatimi. Fotokwafi zalla ba ya tsayawa a gaban wata kotu. Kuma sunan da aka rubuta ba daidai ba, Muhammad a maimakon Mahmud, a nemi gyara tun fayil yana kusa.

Barista: Baba ya gama magana. In ƙara da cewa kwafin hukunci haƙƙi ne: sashe na 36(7) na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a damar samunsa cikin kwana bakwai da kammala ta. Sashe na 36(6) kuma ya ba shi tafinta kyauta idan bai ji harshen kotu ba. Wannan ya fi shafar direbobinmu, domin ana karanta tuhuma da Turanci a tambaye shi, ya gyaɗa kai, a rubuta ya amsa laifi. Ya ce a fassara masa. Idan ya amsa, a nan take za a yanke, kuma kafin yankewa yana da damar roƙon sassauci: laifin farko ne, ga iyali, ga lasisi na nan daram. Idan ya musanta, ya nemi beli da ranar dawowa, ya tanadi mai tsaya masa da katin shaida. Ranar kuwa kada ta wuce shi, rashin zuwa shi ke jawo takardar kamu a kan maganar dubu uku. Ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun jiha cikin kwana 30 ake shigar da ita, kuma ba a jiran kwafin ya fito kafin a shigar da sanarwar.

Maman Haidar: Barista, inshora fa? Mata da yawa dillali ke sabunta musu takardu, ba su san me aka kawo ba.

Barista: Hajiya, wannan a waya ma ana dubawa. A danna *565*11# a sa lambar mota, zai nuna ko inshorar tana cikin rumbun kamfanonin inshora. Ta ɓangare na uku, wato wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ga motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, wanda ya kawo miki ta dubu uku kin san abin da ya kawo. Lasisin wucin gadi kuma kwana 60 yake yi, idan katin bai fito ba a koma cibiyar a sabunta shi kafin ya ƙare.

Shugaban Tasha: Masu motocin haya, ku buɗe wa kowace mota ambulan ɗinta a gida, ba a cikin mota ba. Tikiti, RRR, rasit, lambar ƙara, duk a ciki. Direba yana barin aiki, amma lambar mota tana nan a littafin hukuma, kuma mai mota za a nema.

Tsohon Rajistara: A bayan ambulan ɗin a rubuta lambar kotun da biro. Majistare ana yi masa canjin wurin aiki, fayil kuwa yana zama a kotun da aka yi shari'ar.