Likitan da ya yi sakaci, wa ke da ikon tsayar da shi?

Maman Hibba:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ƙanwata aka yi wa tiyatar haihuwa wata huɗu da suka wuce a wani asibitin kuɗi, tunda aka sallamo ta ba lafiya, zazzaɓi, ciwon mara, ɗinkin yana ta ruwa, mun koma sau uku likitan na cewa ba komai a ci gaba da shan magani. Sai da muka kai ta wani asibitin aka yi hoto aka sake buɗe ta, wai auduga aka manta a ciki. Da idona na ganta a 'yar tasar nan tasu ta silba, har ta yi baƙi. Baba ya ce a bar wa Allah. To ni jiya na wuce ta ƙofar asibitin na ga masu ciki reras a kan benci suna jiransa, wallahi kasa barci na yi. Wai babu mai duba ko mutum ya cancanci ci gaba da taɓa marasa lafiya ne?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Akwai, MDCN ake ce mata, hukumar da ke yi wa likitoci rajista ta ba su lasisi, hedikwatarta na Abuja. Amma ba a Facebook ake kai mata ƙara ba. Za ku rubuta abin da ya faru dalla-dalla da ranaku a takardar rantsuwa, a buga mata hatimi a kotu. Kwamitin bincike zai tura wa likitan ya kare kansa a rubuce, in sun ga akwai abin tuhuma sai su miƙa shi ga kotun ladabtarwa ta likitoci, wadda darajarta ɗaya da babbar kotu. Abu uku take iya yi: gargaɗi, dakatarwa da ba ta wuce wata 6 ba, ko a soke sunansa daga rajista. Shi ma yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai dai fa ki sani ba sa ba da diyya ko sisi, wannan sai kun shigar da ƙara daban.

Likitar Yara:
Ƙari a kan na Ɗan Fagge. Ni a Ingila nake aiki, nan GMC, wato hukumar rajistar likitocin ƙasar, ke bincike, wata kotun daban mai suna MPTS a Manchester ita ke yanke hukunci. Abin da mutane ba sa ganewa, ba ramuwa ake nema ba, tambayar ita ce yau ɗin nan in aka bar shi da mara lafiya akwai haɗari? Ya yarda ya yi kuskure ko yana ta kame-kame, ya koma ya koyi abin da ya kasa? In aka dakatar da kai, galibi sai an sake zama an duba ka kafin ka dawo, in kuwa soke ka aka yi sai bayan shekara 5 za ka iya neman a maido ka. Ku tuna Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar Najeriya ce. Yaro ɗan shekara 6 ya rasu a hannunta a asibitin Leicester a 2011, ranar da ake ƙarancin ma'aikata ga kwamfutar sakamakon gwaji ta lalace. Kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a 2015, MPTS ta dakatar da ita shekara ɗaya, GMC ta ce bai isa ba ta kai ƙara aka soke sunanta a Janairun 2018, a watan Agusta kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maido da shi. Ta koma aiki ana sa mata ido, sai 2021 aka cire mata sharuɗɗan. Amma Maman Hibba ni abin da ya fi damuna a naku ba audugar ba ce, don ƙirga ta kafin a rufe ciki aikin duk 'yan ɗakin tiyatar ne. Komawa sau uku yana korar ku, nan ne matsalar.

Baban Soja:
Hmm. Likitoci ne fa za su zauna su hukunta ɗan uwansu, kura za ta ce da kura maye? Ita kanta majalisar MDCN ɗin an rushe ta a 2015 ba a sake naɗa wata ba sai 2018, ƙararraki suna jibge. Ni dai ban hana ku ba, amma ku ɗaura ɗamarar jira.

Ɗan Fagge:
Malam ai ko da jiran gara takarda ta shiga fayil ɗinsa. Hajiya ku fara karɓo rahoton asibiti na biyun da hoton da aka yi, da katinta da duk rasit na farkon, tun kafin ya ji labari fayil ya yi ƙafa.

Maman Hibba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Rasit duk suna jakata, rahoton ne zan je nema ran Litinin. Ita mai jegon ta yarda, mijinta ma haka, saura Baba, shi kam sai dai in turo masa Kawu.