Neman shawara: kafintan da zai yi mini aikin cikin Coaster, da katakon da ya dace

Baban Sadiya, Hotoro, Kano

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani aiki ne ya tsaya mini a wuya nake neman shawararku.

Sana'ata haɗa sola a rijiyoyin burtsatse, kuma yawancin aikina a ƙauyukan Jigawa da Yobe yake: Kafin Hausa, Birniwa, Nguru, wani lokaci har Gashuwa. In muka fita ni da yarana biyu mukan yi kwana goma ko sati biyu ba mu ga Kano ba. Kwana a zauren mai gari ne ko a ajin firamare, kayan aiki kuma suna waje cikin mota, rabin hankalina na can har gari ya waye. Shi ya sa bara bayan babbar Sallah na sayi tsohuwar Coaster mai dogon bodi, mai injin dizal 1HZ, na cire kujerun duka ban da na gaba. Tsawonta kusan mita bakwai ne, mutum yana iya miƙewa tsaye a ciki. Abin da nake so bai wuce gado biyu a baya ba, ɗaya saman ɗaya, sai benci mai buɗewa da na ukunmu zai kwanta, kabad na kayan aiki, akwatin batir, da ɗan wurin girki.

Na fara ba kafintan da ya yi kayan ɗakin maiɗakina. Mutumin kirki ne kuma hannunsa na da kyau, shekara tara kayan nan ko hinji bai saki ba. Ya yi mini kabad biyu da MDF, allon nan na garin katako da ake matsewa da gam, mai kauri milimita 18, mai sheƙi, duk wanda ya leƙa sai ya yaba. Tafiya ɗaya muka yi Nguru muka dawo. Ƙofa ɗaya ta faɗo a hanya, da na ɗaga ta sai na ga sukurorin sun fito da garin katakon manne a jikinsu, ramin ya buɗe kamar an tona da yatsa. Jarkar ruwa ta ɗan yi yoyo a ƙasan ɗayan kabad ɗin, gindinsa ya kumbura kamar burodi. Ga wani wari mai yaji a ido duk lokacin da motar ta wuni a rana a rufe. Ban ga laifinsa ba, bai taɓa aikin mota ba, ni ma ban san abin da zan ce ya yi ba. Amma kuɗin sun tafi, kuma raina ya sosu.

Na je 'Yan Katako ta Na'ibawa na yi tambaya. Wani ya ce in yi komai da iroko in huta har abada, wani ya ce obeche saboda rashin nauyi, wani kuma ya ce marin bod kawai tunda ba ya jin ruwa. Na dawo gida kaina ya ƙara kullewa. Tambayata biyu ce: ta yaya zan gane kafintan da zai iya wannan aiki kafin in ba shi kuɗi, kuma wane katako zan sa a ina?

Tsohon Kafinta, Panteka, Kaduna

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar da alheri. Na yi shekara sama da talatin a sana'ar nan, kuma da ƙuruciya na yi aiki wurin masu haɗa bodin katako na manyan motoci, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Ɗaki a tsaye yake, bangonsa a miƙe. Mota kuwa bangonta a lanƙwashe yake, rufinta ma haka, kuma duk ramin da taya ta faɗa sai bodin ya ɗan murɗe ya dawo. Kabad ɗin da aka haɗa da ƙusa, ko aka ɗaura sukuru a gefen MDF, wannan murɗawar ce take cinsa a hankali har ya saki. To in ka kawo kafinta, kada ka ce masa komai, ka tsaya ka kalle shi. In ya zaro tef ya auna tsawo da faɗi da tsayi ya ce gobe zai kawo lissafi, ka yi masa godiya ka sallame shi. Wanda ya san aikin zai nemi kwalin firiji ko na talabijin, ya jingina a bangon motar, ya bi lanƙwasar da fensir, ya yanka da almakashi, ya sake gwadawa har sai kwalin ya kwanta. Zai ƙwanƙwasa bango ya nemi inda haƙarƙarin ƙarfe suke, don a nan ake ɗaure kaya da noti. Zai tambaye ka inda murfin inji yake a ƙasa da inda wayoyi suka bi, don kada ya rufe abin da bakanike zai nema gobe. Kuma kada ka ba shi aikin gaba ɗaya. Ka ba shi akwati ɗaya, ka ɗaure a mota, ka je Gashuwa ka dawo, sannan a yi maganar sauran.

Batun katako kuwa, duk mutum ukun nan na Na'ibawa kowa ya faɗi gaskiya kaɗan. Jikin kabad da gado, filawud mai kyau za ka sa. Ka dubi gefensa ka ƙirga layukan da aka jera: mai layi da yawa, ba rami a tsakani, shi ne naka. Milimita 12 ya isa bango da kanta, 18 sai inda mutum zai zauna ko ya kwanta, 6 a bayan kabad. Falle ɗaya na MDF mai 18, ƙafa huɗu da ƙafa takwas, yana kusan kilo 40. Filawud mai wannan kaurin wajen kilo 30 ne, mai 12 kuma wajen 20. Abin da ake kira marin bod a kasuwarmu, baƙin nan mai santsi, na masu zuba rufin siminti ne a gini. Yana da kyau a shimfiɗa a ƙasa ko ƙarƙashin tankin ruwa, amma gam da fenti ba sa kama fuskarsa sai an kankare, kuma in ruwa ya shiga ta gefen da aka yanka shi ma buɗewa yake.

Iroko, wanda iyayenmu ke cewa loko, gara ba ta son sa, ruwa ba ya damunsa. Sai dai nauyinsa ya kusa ninka na obeche, yana dakushe zarto, ƙurarsa kuma tana sa atishawa da ƙaiƙayi. Ka ajiye shi don saman teburin girki, da dokin ƙofa, da gefunan da hannu da takalmi ke gogawa. Obeche ba nauyi, amma ba ya riƙe sukuru da kyau, farce ma yana yi masa tabo, kuma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari yana son sa. In za ka sa shi, sai a ƙofofin sama da aka tsare da filawud, kuma a shafe shi da maganin ƙwari tukuna. Ni don firam na fi son malaina. Nauyinta tsaka-tsaki ne, kuma in ta bushe sosai ba ta cika motsi ba. Aibinta ɗaya, tana daɗewa ba ta bushe ba, masu sayarwa kuwa ba sa jira. Maɗaci da kawo katakai ne na gaske, amma nauyinsu ya fi ƙarfin wannan aikin.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan. Yawancin katakon da ke zuwa Kano da Kaduna daga dazukan Kudu yake, daga Ondo da Edo da makwabtansu, kuma da danshinsa yake isowa. In ka yi aiki da shi a watan Agusta, hunturu na shigowa zai tsuke ta faɗinsa, ƙofa ta bar tazara, falanki ya tsage ko ya kwanta kamar kwale-kwale. Ka saya yanzu, ka jera a inuwa inda iska ke ratsawa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, ka ɗora bulo a sama, ka shafa fenti a bakunan don kada su tsage. In ba ka da na'urar auna danshi, yanki guntu ɗaya ka ɗora a sikelin mai nama duk ranar Juma'a ka rubuta. Ranar da ka ga sati biyu ko uku nauyin bai sauka ba, katakonka ya yi.

Direban Dogon Zango, Zariya

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni a wuri ɗaya zan ɗan saɓa. Kada tsoron nauyi ya sa Malam ya yi kaya marasa ƙwari. Motar nan an yi ta ne ta ɗauki mutum wajen talatin, wato kusan tan biyu, kuma ya cire kujeru. Abin da ke kayar da mota shi ne inda aka ɗora nauyin. Batir mai 200Ah ɗaya ya kai kilo 60, ruwa lita 200 kilo 200 ne ban da tankin. Waɗannan su zauna a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba hagu da dama. In ka tara su a bayan tayar baya gaban motar zai yi sako-sako, sitiyari ya riƙa yawo a hannunka. Kabad na sama kuwa kaya da bargo kawai. Sannan duk abin da zai riƙe batir ko tukunyar gas, mai walda ya yi masa firam da ƙarfe a ɗaure da noti har ƙasan mota, kafinta ya lulluɓe da katako daga baya. Birki ɗaya na gaggawa, abin da ba a ɗaure ba sai dai ka ji shi a ƙeyarka. Ka kuma leƙa ofishin VIO, masu duba lafiyar motoci, ka gaya musu ka sauya cikin motar, don takardunka su dace da abin da za a gani a hanya.

Maman Haidar, Jos

Sannu da ƙoƙari Malam. Ni ina sayar da abinci a cikin Hiace da muka gyara shekara uku da suka wuce, kuma wurin girkin kawai zan yi magana. Ƙofofin kabad masu maganaɗisu ba sa riƙewa a hanya, ranar farko kwanukana a ƙasa na tsince su. Ka sa sakata ko maɓallin da ake dannawa ya kulle. Kowace kanta a yi mata ɗan baki mai tsayin yatsa uku. Ledar gefe da ake mannawa da gam tana ɓarewa in zafi ya yi yawa, ni a Jos ma ta ɓare, balle Nguru a watan Afrilu. Gara a bi gefunan da siririn katako na gaske. A shafe filawud ciki da waje, har gefen da ba a gani, don ta nan ruwa ke shiga. Bayan risho a sa fallen ƙarfe. Tukunyar gas kuma a yi mata akwatinta ita kaɗai, a huda ƙasan akwatin ya fita waje, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, ku kuwa a nan kuke kwana. Don Allah kada ka yi wasa da wannan.

Ɗan Kano a Ohayo, Amurka

A nan mutane da yawa suna sayen tsofaffin motocin makaranta, masu launin rawaya, su mayar da su gida. Maƙwabcina ya yi ɗaya na taya shi. Filawud ɗin bishiyar birch da ake kawowa daga Rasha da ƙasashen Baltik suka fi so, saboda layukansa da yawa kuma yana riƙe sukuru. Maganar Baba ce dai ta ƙirga layi. Abin da zan ƙara, kafin kafinta ya fara, ka sa abin tare zafi tsakanin ƙarfen rufi da silin, ka kuma ja duk wayoyinka. In kabad ya hau, ba ka da hanyar komawa bayansa.

Baban Sadiya, Hotoro, Kano

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya, na karanta maganarka sau uku, na kuma karanta wa yarana.

Ranar Asabar na kawo kafintoci biyu. Na farko tef ya zaro kamar yadda ka faɗa. Na biyu matashi ne da ya taɓa gyara cikin wata motar ɗaukar marasa lafiya. Yana shiga ya durƙusa ya ɗaga ledar ƙasa, ya nuna mini tsatsa a gefen tudun taya na hagu da ni ban taɓa lura da ita ba, ya ce ba zai ɗora komai ba sai mai walda ya gyara wurin. Ya aiki yarona ya samo kwali, ya yi kusan awa biyu yana yanka yana gwadawa a bango ɗaya. Na ba shi akwatin kayan aiki kawai, da filawud mai 12, mun yi da shi in na dawo daga Gashuwa mu duba tare.

Malaina na saya falanki goma sha biyu, iroko biyu, suna jere a rumfar bayan gida da bulo a sama. Guntun gwajin ya yi kilo 2 da giram 300 ranar Juma'ar farko, jiya ya sauka zuwa 2 da giram 150. Maman Haidar, akwatin gas na cikin zanen yanzu, kusa da ƙofa, da hudarsa a ƙasa.

Saura tambaya ɗaya Baba. Gadon sama, mai walda ya ce ya yi firam ɗin da ƙarfe mai kusurwa huɗu a shimfiɗa filawud a kai, kafintan kuma ya ce malaina mai kauri inci biyu za ta ɗauka in an ɗaure ta a haƙarƙarin mota. Yaron da zai kwanta a kai ya kai kilo 75. Wanne za ka zaɓa?