Shawarwarin zaman masu man gyaɗa

Ranar Asabar muka zauna da shugabannin ƙungiyoyin masu man gyaɗa nan Maradi, kan tsayar da burin aiki. Maganar wata Hajiya ta fi shiga raina: a daina cewa "mu ƙara ƙoƙari", a faɗi adadi, misali jarka 30 a wata, a rubuta a littafi da sunan wadda ta ɗau nauyi. Buri biyu ko uku sun isa.

Bita kuwa kowace Alhamis, minti 20, babban zama bayan wata uku. In gyaɗa ta yi tsada da bazara, a rage adadin tare, kada a ɗora wa mutum ɗaya laifi. Wasu sun so a jingine zaman lokacin azumi. Ni dai a gajarta shi ya fi min.